Isufu Baɗi da Janar-Janar Ɗinsa

Duk Bahaushen da ya yi karatu a Alƙahira a shekarun 1970 ya ce maka bai san Isufu Baɗi ba, to ko dai bai taɓa jin yunwa ba, ko kuma wandonsa bai taɓa yagewa ba. Ni kuwa ban yarda da ko ɗaya ba.

Tela ne, mutumin Tasawa ta ƙasar Nijar, dogo siriri mai wushirya, muryarsa kuma ta fi ƙarfin jikinsa. Karatu ya kawo shi Masar tun mu muna firamare. Ya yi ta fama da littattafai har suka gaji da juna, ya ajiye su, ya samu keken ɗinki ya kafa a falon wani gida a unguwar Hayyin Sabi', hawan ƙasa, kusa da mai gasa burodi. In ka tambaye shi labarin karatun sai ya ce, “Mun rabu lafiya, babu wanda ya zagi wani.” Amma abin yana ci masa rai. Kunyar komawa gida babu takardar shaida ita ta riƙe shi, har mahaifiyarsa Hauwa ta rasu bai gan ta ba.

Sunan Baɗi kuwa daga wani akwati ya samo asali. Akwatin ƙarfe ne kore mai zanen furanni, yana kusurwar falon, makullinsa a ɗaure da igiya a wuyan Isufu dare da rana. A ciki akwai tsarabar gida: mayafin ƙanwarsa Rahamatu, darduma ta wansa, kwalaben turare, da wata babbar riga shuɗiya da ya yi wa aiki da hannunsa don ranar da zai sauka Tasawa. Kowace shekara sai ya buɗe ya kakkaɓe su ya ƙara wani abu. Ka ce masa, “Malam Isufu, yaushe tafiya?” Sai ya ce, “Baɗi, in Allah ya yarda.” Har Misirawan layin sun koyi kalmar, yaransu na ƙwala masa ita daga baranda.

Ranar Juma'a bayan masallaci ba ya taɓa keke. Tuwon shinkafa yake tuƙawa da miyar kuka, a cikin tukunyar da za ta iya yi wa jariri wanka. Ƙa'idarsa guda ce: duk sabon ɗalibin da ya sauka daga gida sai ya kawo gaisuwa, kuka ko daddawa ko busasshiyar kuɓewa. Masu zuwa suna da yawa, amma mu huɗu ne ba ma fashi. Akwai ni Ɗantsoho daga Gusau, da Sada Bakatsine mai gardama, da Alhusaini na Tawa wanda ba ya iya gama jimla bai jefa Faransanci ba, sai Iliya Bazazzagi, wanda ba ya magana sai kwano ya koma fari.

Yakub ta hanyar wando ya shigo mana. Ɗan ƙaramin mutum ne, Musulmi daga kudancin Biyetnam, daga wani gari a bakin kogi inda ya ce gidajensu a kan itatuwa suke tsaye saboda ambaliya. Ni kafin ranar ban ma san akwai masu salla a can ba. Duk wandon da ya saya a Masar sai ya yi masa tsawo, aka kwatanta masa telan Hayyin Sabi', ya kuwa zo ranar Juma'a daidai an kwashe tuwo. Isufu ya karɓi wandon ya jefa kan keke ya ce, “Bisimilla.” Yakub ya zauna ya ci, ya lashe yatsu, sannan cikin ladabi da Larabcinsa mai taushi ya tambaya ko wane laifi shinkafar ta yi aka yi mata wannan duka. Isufu ya yi dariya har da tari. Juma'a ta gaba Yakub ya dawo da kifi a ƙunshe cikin jarida, ya shiga kicin kamar gidan ubansa.

Shi ya kawo mana kiran. Wata Juma'a abinci ya sauka, mu kuwa mun dulmuya cikin gardama, Sada da Alhusaini suna ta kai ruwa rana a kan wata mas'ala ta gado. Isufu ya kira, babu wanda ya ji. Sai Yakub ya fito bakin ƙofar kicin, ya ɗaga ludayi sama, ya buɗe ƙafafu, ya zare ido, ya kwarara wata murya da ba mu san yana da ita ba.

“Chư tướng!”

Gardama ta tsaya cak. Iliya har ya miƙe tsaye, shi ma bai san dalili ba.

Yakub ya fashe da dariya ya yi mana bayani. Ya ce tsohuwar kalma ce ta zamanin sarakuna, yanzu babu mai faɗinta a kasuwa. Da ita babban kwamanda yake kiran sarakunan yaƙinsa gaba ɗaya, ba sai ya bi su da suna ɗaya bayan ɗaya ba, kamar dai ka ce, ya ku janar-janar. Shi ma a wasan gargajiya na maƙwabtansu ya ji ta, lokacin yana yaro yana satar hanya ya leƙa, babansa liman bai sani ba. Ya ce mutum zai fito da fenti a fuska da tutoci a bayansa, ya yi wannan kira, su kuma janar-janar su amsa da murya ɗaya, “Ya!” Wato ga mu, muna ji.

“To sake,” in ji Isufu.

Ya sake. Muka amsa, “Ya!” har mai burodi ya leƙo ta taga. Bakinmu bai iya lanƙwasa kalmar yadda yake yi ba, mu cu-tung muke cewa, shi kuma ya haƙura. Daga ranar ba a ƙara cin tuwo a gidan ba sai an yi kiran. Janar-janar ɗin da babu wanda ya taɓa riƙe ko gwafa a cikinsu, ga mu nan da silifas da littattafai, amma in ka ji amsarmu sai ka rantse za mu ci gari da yaƙi.

A 1975 gwamnatin kudancin Biyetnam, ɓangaren su Yakub, ta faɗi. Yakub ya wayi gari da fasfo na ƙasar da babu ita, saƙon gida ya yanke, bai san wa ya rayu ba wa ya mutu. A Alƙahira ta lokacin kowace ƙasa da ƙungiyar ɗalibanta. Ita ke kai ka asibiti, ita ke tsaya maka in ka shiga rigima, ita ke bin gawarka. 'Yan Najeriya da tasu, 'yan Nijar da tasu, 'yan Indonesiya kuwa sun isa su cika filin ƙwallo. Yakub shi kaɗai ne. Juma'ar da ta biyo baya ya zo ya zauna a kan akwatin Isufu, bai shiga kicin ba. Tuwo ya sauka, muka zuba masa ido, bai tashi ba. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Sai Isufu ya ɗauki ludayin da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya murɗe kalmar nan murɗewar da ko mai ita ba zai gane ta ba. Muka amsa. Ya nuna Yakub da ludayin ya ce, “Kai ban ji taka ba. Nan ce ƙungiyarka, ni ne shugaba, ni ne ma'aji, ni ne mai shara. Amsa!” Yakub ya amsa a hankali, hawaye na zuba. Tun daga ranar Yakub yake ce wa Isufu Baba.

Shekaru suka ɗan gangara. Yakub ya samu aikin yamma a wani shagon buga takardu a unguwar Abbasiya, inda ɗalibai ke kai rubutunsu a buga musu da tafireta. A can ya haɗu da Nagwa, 'yar Ammu Shahata, Baffa Shahata ke nan da Hausa, mai sayar da turshi, wato kayan lambun da ake jiƙawa a ruwan gishiri. Doguwa ce, ta fi shi da tafin hannu, bakinta kuma ya fi yatsunta sauri. Ta ce tana sonsa, amma babanta ya ce shi ba ya ba da 'yarsa ga mutumin da aka tsinta a hanya. In yana da mutane, su zo.

A daidai wannan shekarar, 1978, baɗin Isufu ta zo da gaske. Wani ɗan kasuwa mutumin garinsu, Alhaji Ma'azu, ya biyo ta Alƙahira, ya zaunar da shi ya wanke shi tas. Ya ce babu mai tambayar takardar shaida a Tasawa, tela suke nema, ga shago a bakin kasuwa yana jira, Rahamatu kuma ta ce in bai zo ba kada ya ƙara aiko mata da gaisuwa. Aka tsayar da magana: bayan babbar salla Alhaji zai biyo su tafi tare. Isufu ya yi wa Sada alkawarin tukunya, ya ɗaure akwati da igiya, yana ɗinki yana waƙa. Ya ce aikinsa na ƙarshe a Masar shi ne ya aurar da Yakub.

Nan fa aka yi kuskuren da har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Ranar zuwa neman aure Yakub ya zo cikin kwat, ya sha aski, yana ƙamshi. Isufu ya dube shi sama da ƙasa.

“Ina za ka?”

“Gidan su Nagwa, Baba.”

“Kai? A ina ka taɓa ganin ango ya bi magabata neman aure? Ka je ka zauna gaban surukinka kana zare ido? Ina kunyarka?”

“Nagwa ta ce in zo da furanni ko alewa, in zauna kusa da kai.”

“Nagwa yarinya ce, me ta sani? Tuɓe kwat ɗin nan. Ga albasa can, ka yanka kafin mu dawo.”

Alhusaini ya ɗan yi gyaran murya ya ce a ganinsa, vraiment, Misirawa ba haka suke yi ba. Isufu ya ce ya shekara goma sha a ƙasar nan kafin Alhusaini ya san hanyar filin jirgi, kuma mutunci ko'ina mutunci ne. Gaskiyar magana, duk zamansa a Masar bai taɓa shiga neman auren Bamisire ba, mu ma haka. Muka bi shi. Ya kwance akwati ya ciro babbar rigar nan shuɗiya ya ce aro ya yi wa Tasawa. Mu ma kowa ya ci ado. Iliya ya rungumo ƙwaryar goro da aka sha wahala kafin a samo a wajen wasu mutanenmu na Sudan, aka rufe ta da farin ƙyalle. Muka cika motar haya, rigunanmu na leƙowa ta taga.

Layin su Ammu Shahata ya cika da ido. Mata a baranda, yara a matakala, kowa ya fito ganin angon nan na ƙasar Sin, don su duk mai irin fuskar Yakub ɗan Sin ne. Ammu Shahata, gajere mai tumbi da gashin baki, ya tarbe mu a ƙofa da ahlan wa sahlan. Ya ƙirga mu da ido, ya leƙa bayanmu, ya leƙa matakala. Muka zauna. Isufu ya buɗe taro da addu'a mai tsawo, ya gangaro kan asalin zumunci, ya tura ƙwarya gaba.

“Fen el-aris?” in ji Ammu Shahata. Ina angon?

“Yana gida, ya Hajji,” Isufu ya amsa da alfahari. “Yaro ne mai tarbiyya.”

“Ba shi da lafiya?”

“Lafiyarsa lau.”

“An kama shi?”

“Subhanallahi! Albasa yake yankawa.”

Na ga gashin bakin mutumin ya motsa. Ya ɗaga ƙyallen ya ɗauki goro guda, ya jujjuya shi, Isufu ya yi masa alamar ya ci. Ya gatsa. Fuskarsa ta tattare wuri guda, ya rasa inda zai tofar, ya haɗiye da ƙyar. A ganinsa an aiko masa da baƙi biyar da wani abu mai ɗaci, shi kuma wanda ke son 'yarsa bai ga darajar tako ƙafa ba, ga maƙwabta duk suna kallo. Jan sharbat ɗin da uwar Nagwa ta haɗa, wanda ake fitowa da shi in magana ta yi daɗi, muna hango shi a kan tire ta labule, amma bai fito ba. Shayi aka kawo mana, shi ma ba a tambayi sukari nawa ba. Ammu Shahata ya miƙe ya ce, “Sharraftuna,” wato kun karrama mu, da irin muryar da ke nufin ga ƙofa nan.

A matakala Nagwa ta tare mu, hannu a ƙugu. Ba zan maimaita duk abin da ta faɗa ba. Ta fara da Isufu ta gangaro har kan Iliya, wanda laifinsa kawai ɗaukar ƙwarya. Ta ce mako guda tana lallashin babanta, mun zo mun rushe cikin shan shayi ɗaya. Ta ce, “Ya Ammu Yusuf, ni zan aure shi ko kai? Ku kawo min shi ko a cikin buhu ne!”

Muka dawo muka tarar da Yakub ya yanka albasar da za ta ishi gidan biki, idanunsa jawur, ba mu san na albasa ba ne ko na zullumi. Isufu ya tuɓe riga ya zauna a kan keke. Can ya ce, “Ni na ɓata. Ma'alish, ɗana.” Ban taɓa jin ya ba wani haƙuri ba sai ranar.

Nagwa da uwarta suka yi aikin da janar-janar suka kasa, aka sake ba mu rana. Wannan karon Yakub ne a gaba da kwalin basbusa, wani kayan zaƙi na Misirawa, mu a baya kamar masu gadinsa, goro kuwa aka bar shi a gida Sada yana ta murna. Ammu Shahata ya saurari Yakub, ya yi masa tambayoyi a kan aiki da wurin zama, har ya sa shi ya karanta masa wata sura, ya gyaɗa kai. Na fara hango tiren nan yana matsowa. Sai mutumin ya juyo kanmu, wasa ya bar fuskarsa.

“Yaron ba shi da laifi,” ya ce. “Amma ni mutane na ce a kawo min. Kai, yaushe za ka gama karatu?”

Sada ya ce saura shekara biyu.

“Kai fa? Kai fa?” Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi tasa. “To kun gani. Ku baƙi ne, kowa jakarsa na bayan ƙofa. Aure ba ranar ɗaurinsa ba ce. Ran da 'yata ta zo min da kuka, ƙofar wa zan buga? Ran da shi ya zo da nasa kukan, wa zai zauna gabana ya ce min, Shahata, 'yarka ce ba ta kyauta ba? In sun haihu, wa yaran za su nuna su ce wannan dangin babanmu ne? Ni ba na aurar da 'ya ga mutum ɗaya. Gida nake ba wa.”

Yakub ya sunkuyar da kai. Gaskiya mutumin ya faɗa. Ni kaina na ji haushi ya taso min, amma na rasa wanda zan ji haushinsa.

“Ƙofata za ka buga,” in ji Isufu.

Ammu Shahata ya yi murmushi, ya kira shi da laƙabin da suke yi wa gwanin sana'a. “Ya Usta Yusuf, har Abbasiya an san labarin akwatinka. An ce bana da gaske ne, bayan salla za ka tafi.”

“Haka aka ce.”

“To?”

Isufu ya sauke ido kan tabarmar ƙasa. Muna jin rediyon maƙwabta da kukan wani jariri a sama. Ni na san abin da ke cikin akwatin nan, na san ranar da ya sayi mayafin Rahamatu, na ji waƙar da yake yi a kan keke tun zuwan Alhaji Ma'azu. A raina ina cewa, Malam Isufu, kada ka yi, ka yi wa yaron nan iya abin da ake yi. Sai na ga ya sa hannu cikin wuyan rigarsa ya ciro igiyar nan, ya zare ta ta kansa har hularsa ta goce. Ya ajiye makullin a kan tebur, kusa da basbusa.

“Riƙe wannan, ya Hajji. Ba na tafiya babu akwatina, kowa ya sani. Ran da ka ga ba ka bukatar suruki a Hayyin Sabi', ka dawo min da shi.”

Yakub ya kama hannunsa ya ce, “Baba, a'a.” Isufu ya fizge ya ce da Hausa, “Kai rufe mana baki, ango ba ya magana. Ka ga abin da ya sa na ce a bar ka a gida.”

Ammu Shahata ya ɗauki makullin ya jujjuya shi kamar yadda ya yi wa goro. Sannan ya jefa shi a aljihun jallabiyarsa, ya miƙo hannu ya ce a karanta Fatiha. Ba mu kai amin ba guɗa ta tashi a bayan labule, matan baranda suka karɓa, jan sharbat ya fito. Iliya ya sha kofi uku.

Bayan salla Alhaji Ma'azu ya biyo kamar yadda aka yi. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce wannan wace irin wauta ce, mutum ya bar danginsa saboda ɗan wata ƙasa da ko sunanta ba a iya faɗa. Isufu ya ce ya ba da makulli. Alhaji ya ce ai ana fasa kwado. Isufu ya ce ana fasawa. Alhaji ya tafi shi kaɗai. Ranar Isufu bai yi ɗinki ba, ya rufe taga, mu ma muka ba shi wuri.

Ammu Shahata kuwa bai yi wasa da haƙƙinsa ba. Ya buga ƙofar nan ba sau ɗaya ba. Akwai ranar da ya zo a fusace wai Yakub ya sa wa 'yarsa wani ruwan kifi mai wari a girki, Isufu ya saurare shi da fuskar alƙali, ya yanke hukunci cewa a riƙa buɗe taga. Akwai ranar da Isufu ne ya sa hula ya tafi Abbasiya ya ce a ja wa Nagwa kunne ta rage yi wa ɗansa tsawa a gaban mutane. A hankali tsofaffin biyu suka zama abokan shan shayi, har Ammu Shahata ya koyi cin goro, yana ci yana tsine masa.

Mu kuwa maganar mutumin ta tabbata. Sada ya tafi, Alhusaini ya tafi, Iliya ya tafi, ni ma na tattara a 1981. Duk mun yi alkawarin dawowa, kuma ni kaɗai na cika, shi ma don hanya ce ta biyo da ni a 1988.

Na samu Isufu ya koma unguwar Hayyin Ashir, inda haya ta fi sauƙi, Yakub da Nagwa a hawan da ke samansa. Ya yi furfura, yana sa zare a allura da tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Muryar dai tana nan. Juma'a ce, falon cike da sababbin ɗalibai da ban san ko ɗaya ba, sai 'ya'yan Yakub biyu suna ratsa su, Isufu ƙarami da Hauwa, masu idon ubansu da bakin uwarsu. Akwatin na kusurwa, an shimfiɗa masa ƙyalle an ɗora rediyo. Da ya sunkuya zai gyara min wurin zama sai na ga igiya a wuyansa.

“Malam Isufu, makulli ya dawo?”

“Ya dawo. Bara Shahata ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yana kwance ya aika a kira ni, ya ciro shi daga ƙarƙashin matashi ya ce, Yusuf, ka cika, je ka ga ƙanwarka.”

“To me kake jira? Rahamatu tana nan da rai?”

“Tana nan. Ta yi jikoki. Na aika mata da mayafin, an ce ta yi kuka ta zage ni, ta kuma yafa.” Ya cire tabarau ɗaya ya goge. “Ina son in ga Tasawa, Ɗantsoho. Wallahi ina so. Wani lokaci ina ɗinki sai in ji ƙamshin kasuwarmu.”

“To ka tafi mana. Alkawari ya ƙare.”

Ya nuna sama da haɓa, inda muke jiyo Nagwa tana yi wa wani faɗa a kan takalmi. “Ran da muka dawo daga maƙabarta, yarinyar nan ta sauko ta zauna a kan akwatin can, daidai inda mijinta ya zauna a shekarar da ƙasarsu ta ɓace. Ba ta ce min komai ba, ita da bakinta ba ya hutawa. Da maraya ɗaya nake riƙo, yanzu sun zama biyu. In na tafi, ƙofar wa za ta buga?”

Na ji ina son in rungume shi, na kuma ji ina son in yi masa faɗa irin na Alhaji Ma'azu, sai na yi abin da muka saba. Na ce, “To yaushe tafiya?”

“Baɗi,” ya ce, wushiryar nan ta bayyana. “In Allah ya yarda.”

Daidai nan Yakub ya fito bakin ƙofar kicin. Ya yi ƙiba, gashinsa ya ja baya, amma ludayin nan dai shi ne. Ya hango ni, ya ɗaga shi sama, ya buɗe ƙafafu, ya zare ido ya yi kiran. Ɗaliban suka amsa, yaran suka amsa, Nagwa ta amso daga matakala. Ni kuwa na tsaya ina kallonsu, ban amsa ba. Isufu ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

“Kai ban ji taka ba,” ya ce.